Kwanan Boris Ne Ya Ƙare, Ko Kashe Shi Aka Yi?

A garejojin da ke bakin titi a Takur, cikin garin Dutse, akwai wata magana da ke kashe gardama nan take. Mai Keke Napep zai kawo kekensa tayar baya tana kuka tana rawa, a kwance, a tarar boris ya watse, 'ya'yansa sun yi baƙi sun zube. Sai ya ce, "Haba Oga, ba kwanan nan ka sa mini shi ba?" Bakanike ya juya ƙarfen a tafin hannunsa, ya girgiza kai, ya ce, "Sai haƙuri Malam, kwanansa ne ya ƙare." Shi ke nan. A tura yaro shago ya karɓo sabo, a buga, a biya, kowa ya kama gabansa.

Daga gidan makoki aka aro maganar, kuma a can gaskiya ce tsantsa mai sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma da zarar an ɗora ta a kan ƙarfen da hannun mutum ya ƙera, hannun mutum ya ɗaura, sai ta tono tsohuwar tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna fama da ita: idan kowane abu yana da wa'adin da ba ya ƙetarewa, me ya rage a wuyan wanda aka ba amanar kula da shi? Injiniyoyi ma sun shekara ɗari a kan wannan tambaya ta tasu hanyar, kuma inda suka tsaya bai yi nisa da inda malaman zaure suka tsaya ba.

Boris ba shi da wani fasali mai wuya. Zobe biyu ne na ƙarfe, na ciki da na waje, kowanne da kwarmi mai santsi, sai 'ya'ya masu gudu a tsakani, da ragar da ke raba su don kada su gogi juna. Mai lamba 6203, wanda ake samu a ƙafafun babura da ƙananan injina, ramin cikinsa milimita 17 ne, faɗinsa duka 40. Aikinsa shi ne ya hana ƙarfe jan ƙarfe, ya sa su riƙa mirginawa. Sai dai duk nauyin da aka ɗora yana sauka ne a kan 'ya'ya biyu ko uku a lokaci guda, kuma wurin da kowane ɗa ke taɓa zobe ɗan ɗigo ne kawai. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya fitar da lissafin irin wannan taɓawa a 1882. A boris mai aiki, matsin da ke kan ɗigon yakan kai tan 10 zuwa 30 a kowane santimita murabba'i. Abin da ke shiga tsakanin ƙarfen biyu kuwa shi ne shimfiɗar mai da ba ta kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Ko da komai ya tafi daidai, ƙarfe yana gajiya. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san yadda abin yake: ba lanƙwasa ɗaya ce ke karya ta ba, maimaitawar ce. A boris, kowane ɗa da ya wuce ya danna zobe ya saki, sau miliyoyi. Inda ƙarfen ya fi jin jiki ba a fatarsa ta sama ba ne, ɗan ƙasa da ita ne, zurfin da bai kai rabin milimita ba. Idan akwai wani ɗan datti da ya maƙale a wurin tun ranar da aka narka ƙarfen, daga nan tsaga ke farawa, ta yi ta rarrafe a ɓoye har ta ɓullo sama, wani ɓangare ya ɓantare. Wannan ita ce mutuwar tsufa.

Yaushe za ta zo? Nan ne Arvid Palmgren, injiniya a kamfanin SKF na birnin Gothenburg a Suwidin, ya ci karo da abin da ya gagari lissafi. A ɗebo boris daga tukunya ɗaya, a ɗora musu nauyi ɗaya, a zuba musu mai iri ɗaya, a juya su da gudu ɗaya. Wani zai mutu da wuri, wani ya ninka shi kwana sau goma ko fiye, kuma babu awon da zai nuna tun farko wane ne wane. Tun a 1924 Palmgren ya haƙura da neman wa'adin boris guda, ya koma neman na taro. A 1947 shi da Gustaf Lundberg suka gina cikakken lissafin a kan ƙididdigar ɗan ƙasarsu Waloddi Weibull, kuma shi ne tushen ƙa'idar ISO 281 da ake aiki da ita har yau. Ana kiran adadin L10: yawan juyin da 90 cikin 100 za su kai ko su wuce. Goma za su faɗi kafin nan. Rabin taron za su yi kusan ninki biyar na adadin. Su wane ne goman, takardar kamfani ba ta faɗa, domin kamfanin ma bai sani ba.

Yana da kyau a yi lissafin da babur ɗin da ke yawo tsakanin Takur da Garu. A littafin masu ƙerawa, 6203 yana ɗaukar kusan tan guda ya yi juyi miliyan ɗaya. Idan aka rage nauyin zuwa kashi ɗaya cikin goma, wato kilo 100, kwanansa ba sau goma yake ninkuwa ba, sau dubu ne: juyi miliyan 1,000. Tayar babur tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, ke nan kilomita miliyan 2. A ninka nauyin, irin lodin buhunan da ake yi wa babur ranar kasuwar Shuwarin, sai kwanan ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin takwas, kilomita 250,000, wanda ya isa a zagaye duniya sau shida. Ramukan hanya za su ci wani abu daga ciki, babu shakka. Duk da haka boris ɗin da aka cire bayan 'yan watanni bai ko hango tsufa ba. Wani abu ne ya tare shi a hanya.

Abin da ya fi tare shi shi ne zamewa.

Babu boris ɗin da ke mirginawa zalla. Wani injiniya a Ingila, H. L. Heathcote, ya nuna dalili a 1921. Ɗan boris yana zaune ne cikin kwarmi mai lanƙwasa, kuma cikinsa ya fi gefunansa faɗin zagaye, alhali duk jikinsa tare yake juyawa. Saboda haka layi biyu ne kawai a wurin taɓawar ke mirginawa tsaf. Tsakiya tana ɗan zamewa ta wannan fuska, gefuna suna zamewa ta waccan. Ga kuma gogar 'ya'ya da raga, ga gogar kan rola da leɓen zobe a irin boris mai tsini da ke ƙafafun tirela, wanda 'ya'yansa rola ne ba ƙwallo ba. Wannan zamewa a cikin halittar abin take, ba laifin kowa ba ce, kuma muddin shimfiɗar mai tana nan ba ta da wata illa. Kaɗan daga cikinta ma amfani take yi: a kwanakin farko tana goge kaushin da injin ƙira ya bari, har takan share ƙananan tsagogi kafin su yi saiwa.

Ranar da man ya tsinke, zance ya canza. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe yana zamewa, sai ya riƙa jan fatar ɗan'uwansa. Wurin da aka fi jin jiki ya baro ƙasa ya yi ta tasowa, kuma idan ƙarfin gogar ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ke danne wurin, yana iso fatar sama gaba ɗaya. Goga ta haifi zafi, zafi ya ƙara tsinka mai, kwarmin da ke ƙyalli ya dushe ya koma toka-toka saboda dubban ƙananan ramuka. Garin ƙarfen da ya zube ya gauraya da giris ya koma abin wasa wuƙa. Kwarmi ya faɗaɗa, taya ta fara rawa, rawar ta ƙara zamewa. Wannan mutuwa daga waje take shigowa, kuma ba ta jiran miliyoyin juyi.

A tsakiyar Jigawa, masu buɗe mata ƙofa sanannu ne. Hunturu yana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yashin hanyoyin ƙauye kuma ba ya hutu rani da damina. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen boris tauri, kuma ƙaramar cikinsu ta ninka kaurin shimfiɗar man sau da yawa. A tsaya a kalli yadda ake ɗaura boris a wasu garejojin. Gwangwanin giris a buɗe yake tun safe, iska tana yi masa barbaɗe. Yaro ya yage ledar sabon boris ya ajiye a ƙasa kusa da sifana, ya lakato giris da yatsan da ya gama kwance taya da shi, ya cusa. Sai a ɗora boris a bakin raminsa, a kafa guntun ƙarfe a kan zoben ciki alhali na waje ne ke shiga da ƙarfi, a bi shi da guduma. Kowane bugu ta jikin 'ya'yan yake ratsawa kafin ya isa inda ake so, kuma kowane ɗa yana barin ɗan lotsi a kwarmi. Boris bai yi juyi ko ɗaya ba, an riga an haƙa masa ramukan da tsaga za ta fara. Daga baya mai wankin babur ya kafa masa bututun ruwa mai ƙarfi a kan murfin roba, ruwa ya shiga, tsatsa ta ƙarasa aikin.

Akwai wata fuskar da ba a zato. Boris ɗin da ba a ɗora wa nauyi ba shi ma yana lalacewa. Idan yana gudu sosai babu abin da ke danne 'ya'yansa, sai su daina kama kwarmi, su riƙa sulɓewa, su ƙone fatar ƙarfen. Shi ya sa SKF ke ba da shawarar kada nauyin ya gaza kashi 1 cikin 100 na ƙarfin boris mai ƙwallo, kashi 2 ga mai rola. Masu injinan iska na samar da lantarki a Turai da Amurka sun sha wahalar wannan matsala. Hutu da yawa ma sababin lalacewa ne.

Kamfanin SKF ya taɓa ƙiyasta cewa ana ƙera boris kusan biliyan 10 a shekara a duniya, kuma wajen kashi 90 cikin 100 injin da aka sa su ciki yake riga su mutuwa. Waɗanda ke lalacewa a bakin aiki ba su wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. A cikin waɗannan, kashi ɗaya cikin uku ne kawai gajiya ta kashe. Wani kashi ɗaya cikin uku matsalar mai ce, ragowar kuma datti da mugun ɗauri da makamantansu.

To ina ƙaddara a cikin wannan duka? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: abin da ido ke gani shi ne ƙuna na zuwa tare da taɓawar wuta, amma ido bai ga cewa wutar ce da kanta ta halicci ƙunar ba, Allah ne mai aikatawa. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya ji tsoron cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi gaba ɗaya. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya tsara mas'alar yadda ɗalibi zai riƙe. A cikin Muƙaddimat ɗinsa ya raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Na al'ada shi ne alaƙar da aka gane tsakanin abu biyu saboda an ga tana maimaituwa, tare da yarda cewa tana iya saɓawa, kuma ba ɗayansu ne ke da tasiri da kansa ba.

Da wuya a sami bayanin L10 da ya fi wannan dacewa. Palmgren bai ce ya san ranar kowane boris ba. Ya juya su da yawa, ya ga abin da ke maimaituwa, ya rubuta, ya bar gurbin saɓawa a cikin lissafin kansa. Injiniya ya san al'adar taro, wa'adin ɗaya kuwa a ɓoye yake gare shi kamar yadda yake a ɓoye ga kowa. Amma Sanusi bai sa hukuncin al'ada cikin jerin hukunce-hukunce don a yi watsi da shi ba. Ilimi ne, kuma wanda ya san shi an ɗora masa nauyinsa. Abin da Ibn Rushd ya ji wa tsoro yana faruwa ne idan aka riƙe rabin karatun, aka ce Allah ne mai yi, aka manta cewa Shi ne kuma ya shimfiɗa al'adar da ta sa yashi ke cin ƙarfe kullum ba fashi.

Malaman tauhidi sun yi wannan muhawara a kan abin da ya fi ƙarfe daraja nesa ba kusa ba, wato ran mutum. Wanda aka kashe, ajalinsa ne ya zo ko makashin ne ya yanke masa? Wasu Mu'utazilawan Bagadaza, irin su Al-Ka'abi, sun ce an katse masa kwana. Ash'ariyya suka ce a'a, a kan ajalinsa ya mutu, ba gaba ba baya. Abin lura shi ne, wannan matsayi bai sa ko malami ɗaya daga cikinsu ya ɗauke wa makashi ƙisasi ko diyya ba. Ajali a ilimin Allah yake, aikin kuwa bawa ne ya zaɓa ya yi, kuma a kansa za a tambaye shi. Boris ba shi da rai, ba a yi masa ta'aziyya, amma darasin ya hau kansa daidai: faɗin cewa an ƙaddara lalacewarsa gaskiya ne, sai dai ba ya wanke gudumar da ta lotsa shi.

Labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya ƙara fito da abin fili. Yana kan hanyar Sham a zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 639, ya isa Sarg aka gaya masa cuta ta ɓarke. Bayan shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, ya ba shi misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ba wanda zai ce zaɓin biyu ɗaya ne. Rufe gwangwanin giris da barinsa a buɗe duk a ƙarƙashin ƙaddara suke.

Kada a ɗauka batun 'yan kuɗin sayen sabo ne kawai. Ranar 3 ga Fabrairu 2023, jirgin ƙasa na kaya ya kauce daga layi a garin East Palestine na jihar Ohio a Amurka, taragu 38 suka tuntsure, wasu ɗauke da sinadarai masu guba, aka kwashe mutanen gari daga gidajensu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano boris ɗin ƙafar tarago guda ne ya yi zafi har ya ci kansa. Na'urorin auna zafi da ke gefen layi sun gan shi sau uku: na farko ya fi iskar wurin zafi da digiri 21 a ma'aunin Salsiyos, na biyu 57, na uku 140. Sai a na ukun ƙararrawa ta kaɗa wa direba, lokacin bakin alƙalami ya bushe. Shugabar hukumar, Jennifer Homendy, ta ce haɗari ne da za a iya kauce masa ɗungurungum. A titin Kano zuwa Maiduguri babu irin waɗannan na'urori. Abin da ake da shi shi ne kunnen direba da tafin hannun yaron mota da ke zagayawa yana taɓa ƙafafun tirela idan an tsaya. Boris ba kasafai yake mutuwar fuju'a ba. Yakan yi kuka, ya yi zafi, ya yi rawa, wani lokaci kwana da kwanaki, kuma direban da ya ƙara sautin rediyo don kada ya ji, da rayukan fasinjoji yake caca.

Adalci ne kuma a ji ta bakin bakanike. Akwai goman nan cikin ɗari da za su faɗi da wuri ko da an yi komai bisa ƙa'ida, kuma a kansu babu abin cewa sai haƙuri. Akwai jabu da aka buga wa sunan manyan kamfanoni, kwalinsa ya fi na gaske kyau. Kayan gyara da ke zuwa Dutse daga kasuwannin Kano irin su Ƙofar Ruwa hawa-hawa ne, kuma sau da yawa mai abin hawa ne da bakinsa ke cewa a sa masa mai araha, musamman tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin gyara ya koma abin da ake tsakura daga cefanen gida. Talauci uzuri ne na gaske a kan ingancin abin da aka saya. Ba uzuri ba ne a kan ajiye shi cikin yashi, domin murfin gwangwani da tsumma mai tsabta da guntun bututun da ya yi daidai da zoben waje ba su da tsada.

Fiƙihun Malikiyya bai bar wannan a hannun kunya da kara ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu, malamai kuma suka bambanta ɓarnar da sakaci ya jawo da wadda ta faɗo babu hannun kowa. Wahalar kullum ita ce hujja, amma a nan ƙarfen da kansa yana ba da shaida. A wanke tsohon boris da fetur, a ɓalle ragar, a ɗaga zoben a hasken rana. Idan an ga lotsi a jere, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan, aikin guduma ne, kuma na mai ɗauri ne. Kwarmin da ya dushe ya faɗaɗa ko'ina yashi ne ya ci shi, sai a duba ko daga gareji ya shiga ko murfi ne ya yage aka ƙyale. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa zafi ne, ko mai ya ƙare ko an ɗaure noti fiye da kima. Jan tabo ruwa ne. Wanda kuwa kwarminsa ke ƙyalli tas, sai ɓantara guda mai zurfi a wuri ɗaya, shi ne ya gaji da gaske, kuma asararsa ta mai kaya ce.

Yawanci ba a kai ga wannan dubawa, domin tsohon yana faɗawa tarin da 'yan gwangwan za su auna a kilo tun kafin mai shi ya gama ƙirga kuɗi. Haƙƙin mai abin hawa ne ya ce a buɗe shi a gabansa kafin a buga sabo, kuma bakaniken kirki ya fi kowa cin ribar hakan, domin idan ramin da boris ke zama ne ya buɗe, ko sandar taya ta lanƙwashe, sabon ma zai dawo masa yana kuka kafin wata ya zagayo.